Tambaya da Amsa: Ma'aikacin Kotu Zai Iya Zama Matuƙin Jirgin Sa-kai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin kotu ne a nan Sakkwato, ina ofishin rajistara a ɓangaren ƙararrakin bashi da haya da filaye, kuma sau da yawa ni ake ba sammaci in kai. Shekarata 9 a bakin aiki. Na ji a rediyo labarin wani ma'aikacin kotu a Amurka wanda yake tuƙa ƙaramin jirgin sama a ranakun hutunsa, yana kai marasa lafiya asibiti kyauta. Tun ina yaro nake sha'awar jirgi, kuma labarin ya hana ni sukuni. Shin doka ta yarda ma'aikaci irina ya haɗa waɗannan abubuwa biyu, kuma ta ina zan fara?
Daga wani mai karatu, Runjin Sambo, Sakkwato.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta wasiƙarka fiye da sau ɗaya, kuma ta faranta mini rai, domin ba kasafai ake samun mai albashi yana neman hanyar da zai kashe lokacinsa da kuɗinsa a kan mutanen da bai san su ba.

Abin da ka ji a rediyo abu ne sananne a can. A Amurka akwai ƙungiyoyi da ake kira Angel Flight, waɗanda suka fara tun 1983, inda matuƙa masu ƙananan jirage suke ɗaukar marasa lafiya zuwa manyan asibitoci masu nisa, kuma matuƙin ne yake biyan kuɗin mai da na jirgin daga aljihunsa. Akwai kuma Civil Air Patrol, wadda aka kafa a watan Disamba na 1941, wadda 'yan sa-kanta suke fita neman jirgin da ya ɓace ko ɗaukar hoton yankin da ambaliya ta cinye. Yawancin waɗannan mutane suna da sana'ar da suke ci da ita daga Litinin zuwa Juma'a, daga malaman makaranta zuwa likitoci da ma'aikatan ofis. Ya kamata ka lura da cewa wanda Angel Flight take ɗauka mai jinya ne da zai iya tafiya da ƙafarsa ya hau jirgi ya zauna, kamar mai zuwa karɓar maganin ciwon daji a kai a kai, domin ɗaukar wanda yake kwance rai a hannun Allah aiki ne na jiragen asibiti masu likita da kayan aiki, waɗanda ƙwararrun matuƙa masu albashi suke tuƙawa.

Game da doka, abin da ya shafe ka yana cikin Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ƙunshi ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikatan gwamnati, kuma ya ambaci ma'aikatan kotuna baki ɗaya a cikin waɗanda ƙa'idojin suka hau kansu. Ya hana ma'aikaci karɓar albashin muƙamai biyu na gwamnati a lokaci guda, ya kuma hana mai aikin cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko wata sana'a ta ƙashin kansa, in ban da noma. Koyon tuƙin jirgi karatu ne, kuma aikin taimako wanda ba a biyanka ko kwabo ba kasuwanci ba ne, saboda haka a fahimtata babu abin da ya hana ka. Amma ranar da ka fara karɓar lada don ka ɗauki fasinja, ka faɗa cikin abin da aka hana ta fuska biyu, domin lasisin farko na matuƙi shi kansa bai yarda a biya mai shi ba. Duk da haka ina ba ka shawara ka rubuta takarda ta hannun Babban Rajistara zuwa hukumar da ke kula da ma'aikatan shari'a ta jiha, ka bayyana niyyarka, ka nemi hutun karatu, ka kuma adana amsar da aka ba ka a rubuce. Kai da kake aiki da fayil kullum ka fi ni sanin cewa maganar baki ba ta tsayawa mutum ranar da aka canza shugaban ofis.

Hukumar da take ba da lasisi a Najeriya ita ce NCAA. Lasisin farko, wanda ake kira PPL, yana buƙatar mutum ya kai shekara 17, ya tsallake gwajin lafiya a wurin likitan da hukumar ta amince da shi, ya ci jarrabawar rubutu a kan dokokin sararin sama da yanayi da sanin hanya da yadda injin yake aiki, sannan ya tara aƙalla sa'o'i 40 a sama, wasu daga ciki shi kaɗai ba malami a gefensa. Dole ne kuma ya iya Turancin da ake magana da hasumiyar filin jirgi da shi ta rediyo. Makarantar da ta fi kusa da kai ita ce Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tafiyar kusan kilomita 400 daga nan ta Gusau da Funtuwa, akwai kuma wata a Ilori. Kuɗin makarantar miliyoyi ne masu yawa kuma yana hawa yana sauka tare da dala, domin jirgin da kayan gyaransa duk daga waje ake sayo su, don haka ka tuntuɓi makarantar da kanka ka ji farashin wannan shekarar.

Samun lasisin shi ne ɓangare mai sauƙi, riƙe shi ne wahala. Ƙa'ida ce cewa matuƙi ba zai ɗauki kowa ba sai ya tashi ya sauka sau 3 a cikin kwana 90 da suka gabata, kuma ƙungiyoyin sa-kai na Amurka ba sa ba matuƙi marar lafiya ya ɗauka sai ya tara sa'o'in da suka ninka na lasisin sau da yawa. Abin da ya sauƙaƙa wa mutumin da ka ji labarinsa shi ne, ƙasarsu tana da dubban ƙananan filayen jirgi, kuma mutum zai iya hayar ƙaramin jirgi mai kujera huɗu irin Cessna 172 na sa'a ɗaya ko biyu kamar yadda ake hayar mota. Mu a nan filin da muke da shi shi ne na Sultan Abubakar na Uku, wanda manyan jirage da na alhazai suke sauka, kuma man da yawancin ƙananan jirage suke sha, wanda ake kira afgas, yana da wuyar samu a Najeriya ƙwarai. Ga kuma matsalar tsaro: a watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jirage a sararin Zamfara, jihar da take tsakaninmu da Zariya. Hatta jiragen da suka fara kai ma'aikatan agaji Maiduguri a 2015, Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta gudanar da su, da matuƙa ƙwararru waɗanda aikinsu ke nan. Ba na faɗa maka wannan don in karya maka gwiwa ba, sai don kada ka sayar da gonar gado a kan lasisin da zai kwanta cikin akwati.

Yanzu bari in zo kan abin da na fi son ka ji, wato halin da ake nema a wurin matuƙin sa-kai, domin ina ganin aikinka na kotu ya riga ya fara koya maka shi. Mai sabon lasisi da ido yake tuƙi, kuma ƙa'ida ta gama-gari ita ce sai yana iya hango nisan kilomita 5 a gabansa. Kai ka san Sakkwato a watan Disamba da Janairu, lokacin da iskar hunturu take kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta zuba mana, har mutum ya tsaya a bakin titi da hantsi ya ga rana kamar farin faifai, masu babur sun kunna fitila sun naɗe fuska da rawani. A irin wannan rana manyan jirage ma sukan fasa sauka, balle ƙarami. In bazara ta zo kuma zafi ya haura digiri 40 a watan Afrilu, iska takan rage kauri, injin ya rage ƙarfi, jirgi ya buƙaci doguwar hanya kafin ya ɗaga, har nauyin jakar da aka ɗauka lafiya lau da sanyin asuba ya zama haɗari da azahar. Da damina kuma ga hadari mai tasowa daga gabas cikin ɗan lokaci.

To, ka ƙaddara ga uwa tsaye a gefen jirgi da ɗanta a goye, likita ya ba su rana a wani gari, sun sayar da akuya sun yi guzuri, kai kuma ka duba rahoton hukumar hasashen yanayi ka ga hazo ya rufe hanya. Zuciyarka za ta ce maka ka gwada, ai aikin lada ne. A nan ne masu kirki suke halaka, domin tausayi yakan matsa wa mutum fiye da yadda kuɗi yake matsa masa. Matuƙin da ya san aikinsa shi ne wanda zai iya duban matar nan ya ce mata yau ba za mu tashi ba, ya jure kallon da za ta yi masa, ya nemo musu mota. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma ban san inda karin maganar nan ta zauna daram kamar nan ba. Mu mutanen Sakkwato ba ma buƙatar a ba mu labarin abin da yanayi yake yi wa jirgi. Ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin ADC da ya taso daga Abuja zai zo nan ya faɗi jim kaɗan da tashinsa, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Rahoton masu bincike ya danganta haɗarin da tashi cikin mummunan yanayi da kuma iskar da ta juya wa jirgin bagatatan. Wannan babban jirgi ne mai matuƙa biyu masu dubban sa'o'i.

Akwai wani abu da kowane ɗalibin tuƙi yake yi kafin ya shiga jirgi. Yakan zagaya shi da ƙafa da takardar dubawa a hannu, ya taɓa taya, ya motsa fiffike, sannan ya durƙusa ya tsiyayi ɗan mai a cikin wani ƙaramin kofi mai haske ya ɗaga shi sama yana kallo. Man afgas shuɗi-shuɗi ne, kuma in ruwa ya shiga tanki zai gan shi ya kwanta a gindin kofin kamar ƙwayar tsakiya. Babu wanda yake tsaye a kansa, kuma in ya tsallake wannan mataki sau ɗari wataƙila babu abin da zai faru. Haka takardar rantsuwar kai sammaci take a wurinka. Ka hau babur ka yi tafiyar sa'a biyu zuwa wani ƙauye, ka yi sallama a zaure, yaro ya leƙo ya ce maigida ya tafi cin rani, rana ta take, ga fayil goma suna jiranka a ofis. Abu mafi sauƙi shi ne ka dawo ka rubuta cewa ka miƙa masa hannu da hannu. Na taɓa ganin sakamakon wannan a kan wani dattijo ɗan'uwanmu, wanda bai san an kai shi ƙara a kan iyakar gona ba sai ranar da aka zo zartar da hukunci, alhali a cikin fayil akwai rantsuwar cewa an ba shi sammaci a ranar da yake kwance a asibiti. An soke hukuncin daga baya, amma sai da ya rasa noman shekara guda, kuma har ya koma ga Allah bai ƙara yarda da takardar kotu ba. Hanyar da doka ta tanada a fili take: ka dawo ka rubuta gaskiyar cewa ba ka same shi ba, mai ƙara ya nemi izinin alƙali a liƙa sammacin a ƙofar gidansa ko a isar ta wata hanya. In kana yin haka a ranar da babu mai ganinka, to kana da abin da malamin tuƙi ba zai iya cusa maka a sa'o'i 40 ba.

Shawarata ita ce ka fara da gwajin lafiya kafin ka kashe kuɗi a kan komai, sannan ka nemi littattafan darussan ƙasa ka riƙa karantawa da dare, domin yanayi da dokoki da lissafin hanya duk ana iya koyonsu a ɗaki. Ka shawarci iyalinka tun da wuri, tunda kuɗin nan daga bakinsu za a rage shi. Kada kuma ka jingine aikin taimako har sai ka samu fiffike. Asibitin yara masu ciwon noma, wato ciwon da yake farawa daga dasashi ya ci fuska, da ke nan Sakkwato yana karɓar yara daga ƙauyuka masu nisa, kuma ana buƙatar masu wayar da kan iyaye su kawo yaro tun ciwon yana dasashi. Akwai Red Cross, akwai 'yan agajin ƙungiyoyin addini da kake gani a sansanin alhazai. Wanda ya ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwan madatsar Goronyo ya shafe ƙauyuka ya yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya san amfanin wanda zai iya duba ƙasa daga sama ya faɗa wa masu kwalekwale inda mutane suka maƙale. A yau ƙaramin jirgi marar matuƙi yana yin wannan aiki da kuɗi kaɗan, sai dai shi ma ba a tayar da shi sai da izinin NCAA da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, musamman a yanki irin namu. Ni a ganina wannan ita ce ƙofar da ta fi kusa da kai a yanzu, kuma darussan da za ka koya a cikinta ba za su ɓata ba in Allah ya hore maka zuwa Zariya.

TAMBAYA: Malam, ɗana mai kai sammaci ne, kuma wani lokaci yana cikin masu zuwa kwashe kayan wanda ya kasa biyan bashi. Maƙwabta suna yi mana kallon banza, wasu kuma suna kawo masa goro da shadda har gida. Ina jin tsoron kada ya ɗauki alhakin mutane. Me zan ce masa?
Daga wata uwa, Gidan Igwai, Sakkwato.

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara girma, ya kuma saka miki da alheri a kan wannan tsoro da kike ji masa. Aikin ɗanki halal ne, domin hukuncin da babu mai zartar da shi bai amfani wanda aka zalunta da komai ba, kuma bazawarar da kotu ta ce a biya ta kuɗin hayar shagonta ba ta da wanda zai karɓo mata sai irinsa. Alhakin yana cikin yadda ake yin aikin. Doka ta ce kada a taɓa tufafin mutum da shimfiɗar kwanansa da ta iyalinsa da kayan sana'arsa gwargwadon wani kima, a rubuta duk abin da aka ɗauka ɗaya bayan ɗaya, kada kuma a yi gwanjonsa sai an ba da 'yan kwanaki, ko mai shi zai samo kuɗin ya fanshi kayansa. Kayan matar gida ko na ɗan haya ba na wanda ake bi bashi ba ne, kuma mai su yana da damar zuwa kotu ya nuna nasa ne. Ki ce masa ya riƙa yin sallama, ya nemi mai unguwa ya tsaya, ya ba mata lokaci su kimtsa, kada ya ɗaga murya a gaban 'ya'yan mutum.

Maganar shadda kuwa, ki tsaya masa tsayin daka ya mayar. Ƙa'idojin da na ambata a sama sun hana ma'aikaci karɓar kyauta saboda abin da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa, abin da suka bari shi ne kyautar dangi da abokai a lokutan da al'ada ta saba, kamar biki ko suna. Wanda yake da ƙara a gaban kotun da ɗanki yake aiki ba don zumunci ya kawo ba, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In ɗanki yana jin nauyin mayarwa da kansa, ke ki aika da ƙaninsa ya kai wa mai ita da godiya, a ce Hajiya ce ta hana.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare kuma ina sa tabarau. Mace mai tabarau za ta iya tuƙa jirgi?
Daga wata ɗaliba, Mabera, Sakkwato.

AMSA: 'Yata, za ta iya. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Najeriya, a Zariya ta yi karatu, kuma daga baya ta shugabanci kwalejin. Tabarau ba ya hana lasisi muddin yana daidaita ganinki zuwa mizanin da likitan hukuma yake nema, sai dai za a rubuta a takardar lafiyarki cewa dole ki sa shi yayin tuƙi, ki kuma riƙe na biyu a kusa. Abin da ya fi tabarau muhimmanci shi ne gwajin bambance launi, domin fitilun jirgi da na fili ja ne da kore da fari. Ki roƙi mahaifinki ya kai ki a duba miki wannan tun yanzu, sannan ki dage a kan Lissafi da Fiziks da Turanci a jarrabawar da ke gabanki, domin suna cikin darussan da ake dubawa wajen ɗaukar ɗalibai.